Yadda Kuka Ke Zama Hukunci a Majalisar Ƙaramar Hukuma

 Wannan shiri namu na faɗakarwa yau, in Allah ya yarda, zai tsaya a kan hukumar da ta fi kowace hukuma kusa da ƙofar gidanmu, wadda kuma, duk da wannan kusanci, ita ce muka fi jahiltar yadda take gudanar da al'amuranta, watau majalisar ƙaramar hukuma. Da za a tsayar da mutum a bakin kasuwa a tambaye shi sunan shugaban ƙasa da na gwamna, har da na waɗansu ministoci, da ya kawo su ba gargada. Amma da za a ce ya faɗi ranar da kansilolin ƙaramar hukumarsa suke zama, ko abin da suka yanke a zamansu na baya, sai ka ga ya yi shiru, alhali kuwa kwatar da ke ƙofar gidansa, da rumfar da yake ciniki a cikinta, da maƙabartar da iyayensa suke kwance, duka a hannun waɗannan mutane doka ta sanya su.

Za mu ɗauki birnin Kano ya zama misalinmu, domin abin da ya tabbata a kansa ya tabbata a kan Zariya da Katsina da Sakkwato, sai ɗan bambanci da dokar kowace jiha ta kawo. Birnin Kano na yau ba shi da majalisar gari guda ɗaya da ta haɗa shi duka. An raba shi da kewayensa tsakanin ƙananan hukumomi 8: ta Birni, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Nasarawa, da Tarauni, da Kumbotso, da Ungogo, kowace da shugabanta da kansilolinta da baitulmalinta. Ta Birni, wadda sakatariyarta ke Ƙofar Kudu, mazaɓu 13 gare ta, daga cikinsu akwai Yakasai da Jakara da Shahuci da Zango da Gandun Albasa, kowace mazaɓa kuwa kansila ɗaya take aikawa. Jihar baki ɗaya tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, cikin ƙananan hukumomi 774 da Nijeriya ke da su.

Kada mai sauraro ya ɗauka cewa zaman shawara kan sha'anin gari baƙon abu ne da Turawa suka zo mana da shi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Kano take da majalisar manyan masu sarauta da ake kira Tara ta Kano, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka garin ya rubuta masa nasiha a kan tadbirin mulki. A zamanin jihadi ma, da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zo Kano, mutanen garin ne suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da hukunci, ya wallafa musu littafin Diya'ul Hukkami. Shura kuwa, ai sura guda ce a cikin Alƙur'ani mai girma take ɗauke da sunanta. Abin da ya sauya a tsawon zamani shi ne waɗanda ake shawarar da su, da kuma hanyar da suke bi su shiga zauren. A zamanin En'e sarki shi ne hukumar da kansa, har a watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin gyara, domin talaka ya sami baki a cikin mulkin ƙasarsa. Daga nan aka fara ɗaure hukuncin sarki da na majalisarsa. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi babban gyaran da ya haifar da ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, guda 301 a lokacin, sarakuna suka koma masu ba da shawara. A 1991 kuma, zamanin Janar Babangida, aka raba ƙaramar hukuma gida biyu, ɓangaren zartarwa da ɓangaren dokoki, kuma a kan wannan tsari Kano take tafiya.

Shugaban ƙaramar hukuma, wanda jama'a ke kira ciyaman, shi ne kan ɓangaren zartarwa. Tare da shi akwai mataimakinsa, da sakatare, da kansiloli masu gafaka, waɗanda shi yake naɗa su domin su kula da sassa irin su ayyuka da lafiya da gona da ilimi, ba su da mazaɓa, ba su kuma da ƙuri'a a majalisa. Zaɓaɓɓun kansiloli su ne majalisa. Su suke zaɓar shugaban majalisa daga cikinsu, suna da akawu mai riƙe musu takardu. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai ma'aikatan dindindin, waɗanda zaɓe ba ya kawo su, ba ya kuma tafiya da su: daraktan mulki, da ma'aji, da injiniyan sashen ayyuka, da duba-gari, da masu karɓar haraji. Ayyukan da tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu a jadawalinsa na huɗu kuwa, duk abubuwan yau da gobe ne: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da bayan gida na jama'a, hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, kwashe shara, kula da maƙabartu, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasin keke da amalanke da baro, sa'an nan su sa hannu tare da gwamnatin jiha a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi da harkar noma.

To, domin maganar ta fito fili, bari mu bi mas'ala guda ɗaya tun daga inda ta tsiro har inda ta ƙare. Mu ƙaddara wani lungu ne a cikin birni, inda kwalbatin bakin hanya ya rufta, kwata ta toshe da leda da yashi. Duk wanda ya zauna cikin gari ya san abin da ke biyo baya idan watan Agusta ya kama: ruwa ya taho daga sama da unguwa, ya iske hanyarsa a rufe, ya juya ya shiga soraye, magidanta su fito cikin dare da fitilar waya da shebur suna jera buhunan ƙasa a bakin ƙofa, mata suna kwarfe ɗaki da kwano, gindin katangar ƙasa ya jiƙe ya fara zubewa, da safe kuma yara 'yan makarantar allo su tattare riga su ratsa baƙin ruwa mai wari. Kowa a lungun ya san ciwon, kowa ya yi kuka a majalisar ƙofar gida da bakin masallaci bayan sallar isha'i. Sai dai hukuma ba ta san da wannan kuka ba, domin hukuma da takarda take ji. Matakin farko ke nan: mutanen lungu, tare da mai unguwarsu, su rubuta koke, su faɗi wurin, su faɗi ɓarnar da ake yi da adadin gidajen da abin ya shafa, su sa hannu, su kai wa kansilan mazaɓarsu, su kuma kai kwafi ofishin shugaban ƙaramar hukuma.

Kansila, in mai riƙon amana ne, ba zai tsaya ga raɗa wa ciyaman maganar a cikin mota ba. Zai ba akawun majalisa sanarwa cewa yana da ƙuduri, domin a sanya shi cikin jerin abubuwan da za a tattauna. Ranar zama, bayan an ajiye sandar majalisa an buɗe da addu'a, abu na farko da shugaban majalisa zai tabbatar shi ne ko waɗanda suka halarta sun kai adadin da doka ta shar'anta, domin hukuncin da aka yanke ba tare da cikar wannan adadi ba ɓatacce ne, ko da kuwa daidai ne a kan kansa. Daga nan akawu ya karanta bayanin zaman da ya gabata, wanda ya ga kuskure ya gyara, a amince da shi, shugaba ya sa hannu. Sa'an nan a zo kan ƙudurin. Mai shi ya miƙe ya gabatar, wani kansila ya mara masa baya, in kuwa ba a sami mai mara baya ba, ƙuduri ya faɗi tun kafin a yi muhawara a kansa. In an samu, sai a buɗe fage, kowa ya nemi izinin shugaba kafin ya yi magana, ya kuma fuskanci shugaba da maganarsa ko da raddi yake yi wa ɗan'uwansa, wanda ladabi ne da aka sanya domin kada saɓanin ra'ayi ya zama husuma. A nan ne kansilan wata mazaɓa zai ce ai tasa kwatar ta fi wannan lalacewa, wani kuma ya ce rufin aji uku ya yaye a makarantar unguwarsu tun bara. Babu maƙaryaci a cikinsu, kuma wannan shi ne ainihin dalilin kafa majalisa: buƙatu sun fi dukiya yawa, dole a sami wurin da za a auna su a gaban juna, a gabatar da mafi tsananin larura bisa hujja.

Galibi majalisa ba ta yanke irin wannan magana nan take. Takan miƙa ta ga kwamitinta na ayyuka, 'yan kwamiti su je su gani da idonsu tare da injiniya, a auna tsawo da faɗi, a ƙiyasta siminti da rodi da tsakuwa da ladan leburori, su dawo da rahoto. In majalisa ta gamsu, sai shugaba ya yi tambaya, masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, in murya ta rikice a ɗaga hannu a ƙirga, rinjaye ya yi halinsa. Akawu ya rubuta.

Ina so masu sauraro su riƙe wannan rubutu na akawu da muhimmanci, domin a ganina babu wata takarda a sakatariya da ta fi littafin bayanin zama daraja. A cikinsa ake samun kwanan wata, da sunayen waɗanda suka halarta da waɗanda ba su zo ba, da wanda ya kawo ƙuduri da wanda ya mara masa baya, da lafazin abin da aka zartar. Shi ne bayyinar da za a kafa in an yi jayayya bayan shekaru, shi ne mai binciken kuɗi zai nema, shi ne kotu za ta karɓa. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da mu hikimar rubuta bashi da kafa masa shaidu, don kada mantuwa ko son zuciya su ci haƙƙin wani. Dukiyar jama'a kuwa ta fi cancantar wannan kiyayewa, tun da masu ita ba sa wurin lokacin da ake yanke hukunci a kanta. Alkawarin da ciyaman ya yi a wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya, komai daɗinsa, ba ya ɗaure hukuma da komai matuƙar bai shiga wannan littafi ba.

Amma fa amincewar majalisa ba ta zuba ko buhun siminti ɗaya ba tukuna, kuma a nan ne mutane da yawa suke yanke ƙauna saboda rashin sanin tartibin abin. Ƙudurin majalisa kira ne ga ɓangaren zartarwa. Kuɗi kuwa ba ya fita daga baitulmali sai ta ƙofar kasafi. Shekarar kuɗin gwamnati tana farawa ne daga Janairu ta ƙare a Disamba, saboda haka tun cikin watannin ƙarshen shekara kowane sashe yake tattara buƙatunsa na baɗi, ma'aji da jami'an tsare-tsare su haɗa su, su ware kuɗin gudanarwa, irin su albashi da man mota da takardu, daga kuɗin manyan ayyuka, irin su gini da hanya da rijiyar burtsatse. Ciyaman ya gabatar wa majalisa, kansiloli su bi shi layi layi, su kira shugabannin sassa su kare abin da suka nema, su rage nan su ƙara can, kafin su amince; ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha ita ma tana da nata duban. Idan kwalbatinmu ya sami layinsa a cikin wannan kundi, da sunan lungun da adadin kuɗinsa, to ya zama haƙƙi abin nema. Idan bai samu ba, sai dai a jira ƙwarya-ƙwaryar kasafi ko wata shekarar.

Abin da ya rage bayan wannan aikin ofis ne, ba sai mun daɗe a kansa ba. Kwamitin kuɗi da harkokin yau da kullum, wanda ciyaman ke jagoranta, ya amince a kashe. A nemi 'yan kwangila su kawo farashi. A ba wanda ya cancanta. Injiniya ya duba aikin ya ba da shaidar an yi shi yadda aka shar'anta. A rubuta bauca, mai binciken kuɗi na cikin gida ya tantance, ma'aji ya biya. A ƙarshen shekara kuma babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha ya bi sawu, ya kai rahotonsa majalisar dokokin jiha. Kowane sa hannu a cikin wannan silsila an sanya shi ne domin kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai nema, shi ne mai bayarwa, shi ne kuma mai shaida.

Majalisa tana da wani iko kuma wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne yin ƙananan dokoki da ke aiki a cikin iyakarta. Kwatar nan da ta toshe, ai ba siminti kaɗai ta rasa ba. Leda da sharar da ake juyewa cikinta da dare su suka kashe ta. Majalisa tana iya yin doka ta hana zuba shara a magudanar ruwa, ko kafa teburin ciniki a kanta, ko sakin dabbobi a titi, ta kuma yanka tara. Irin wannan doka ana karanta ta sau uku, a tattauna ta a kwamiti, sa'an nan ciyaman ya sa hannu, kuma sharaɗi ne kada ta saɓa wa dokar jiha ko ta tarayya. Wannan aiki shi ne magabata suka sani da hisba ta kasuwa da hanya, inda muhtasibi ke duba mudu da sikeli, ya hana a ƙuntata wa masu wucewa. Yau duba-gari da jami'in kasuwa ne suka gaji wani yanki nasa. Haka nan kuɗin rumfa da na tasha da ake karɓa, majalisa ce ke ƙayyade su, don haka duk wanda ya biya ya karɓi rasit mai lamba da hatimin hukuma, domin kuɗin da ba rasit ba ya isa baitulmali.

Wajibi ne kuma in faɗi gaskiyar da kowane ma'aikacin sakatariya ya sani, cewa wannan tsari da na bayyana ya daɗe yana tafiya da ɗingishi, kuma babban sababin haka kuɗi ne. Abin da ƙananan hukumomi ke tarawa da kansu kaɗan ne, musamman tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, wanda sauƙi ne babba ga talaka, amma ya bar ƙananan hukumomi suna dogara ga kason tarayya. Kasonsu a asusun tarayya shi ne kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulki ya sa wannan kaso ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda ake cire albashin malaman firamare da sauran abubuwa kafin ragowar ta isa sakatariya, har ya zama a jihohi da yawa ciyaman ba ya iya taɓa aiki mai ɗan nauyi sai da sahalewar gwamna. Waɗansu ayyukan ma hukumomin jiha sun ɗauke su, kamar yadda a Kano REMASAB ke kula da shara, KNUPDA kuma da tsarin gine-gine. Gwamnoni da dama kuma sun riƙa rushe zaɓaɓɓun majalisu suna naɗa kantomomi, alhali sashe na 7 ya lamunce mulkin ƙaramar hukuma ta hannun zaɓaɓɓu. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ne mai girma, ko da yake zartar da shi ya yi ta jan ƙafa. Ni dai abin da ke damuna a kansa shi ne, ranar da kuɗin zai sauka kai tsaye, in ya tarar da majalisar da ba ta zama, da littafin bayanin zama wanda ba a rubuta komai a cikinsa, da jama'ar da ba ta tambaya, to ɓarnar da ake kuka da ita a babban birnin jiha ita ce za ta sauko sakatariya, ta rarrabu wuri 774.

Mu ma talakawa muna da namu kason na laifi, kuma faɗinsa ya zama dole. Mun mayar da kansila mai sayen ragon suna da biyan kuɗin magani; tun da asuba ƙofar gidansa cike take da masu buƙatar kansu, kowa da takardar asibiti ko katin biki, har ya zama da wuya ka ga wanda ya zo ya tambaye shi me ya faɗa a majalisa a kan makarantar unguwa. Larura gaskiya ce, taimako kuma alheri ne, ba na zargin mabuƙaci. Amma wakilin da aka auna shi da abin da ya fitar daga aljihunsa, an tura shi ya nemi abin cika aljihun ta kowace hanya, an kuma sauke masa nauyin wakilcin da aka zaɓe shi dominsa. Asalin ƙa'ida, zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, sai in ta ga dalilin keɓewa a kan wata mas'ala, kuma tun 2011 ƙasar nan take da dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce. Ban ce kowa ya bar sana'arsa ya tafi sakatariya ba. A fahimtata abin yana kama da farilla ta kifaya: in ƙungiyar unguwa, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta mata, ta wakilta mutum biyu masu karatu da natsuwa su riƙa halartar zama suna dawowa da labari, sun ɗauke wa saura, in kuwa babu wanda ya je, nauyin yana kan kowa.

Masu niyyar kai koke kuma su lura da lokaci. Kukan kwata a watan Agusta ake yinsa, amma amfaninsa yana ga wanda ya rubuta shi ya kai kafin a rufe kasafi, watau tun daga Satumba zuwa Oktoba, lokacin da sassa ke tattara buƙatunsu. A rubuta kwafi biyu, a miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a sa ma'aikaci ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi a ajiye wurin mai unguwa ko sakataren ƙungiya. A sanar da dagaci da hakimi, domin ko da yake ba su da ƙuri'a a majalisa, maganarsu tana da nauyi a wurin ciyaman. Bayan an amince da kasafi a farkon shekara, a koma wurin kansila a nemi ya nuna shafin da aikin yake da adadin da aka ware masa, sa'an nan a riƙa bibiya tun rani, domin a zuba kankare ya bushe kafin ruwan farko ya sauka.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki sha'anin kuɗin kasuwa da na tasha, mu ga wanda doka ta ba ikon karɓa da wanda ba ta ba shi ba.